Kwalbar Lafiyayye

Wata na uku ke nan da hasken yake raguwa, kuma kowa a ɗakin gwajin ya samo wa abin dalili, ban da dalili ɗaya da yake zuwa da ƙafarsa kowace Litinin ta farkon wata, ya zauna a kujerar bakin taga yana shan shayi.

Matar da suke kira Zinariya ta ja baƙin labulen ɗakin duhu, ta kunna fitila, ta ɗora 'yar kwalbar a ƙarƙashinta. Ja ne, ba a ce ba ja ba. Amma ba jan da ta sani ba ne. Wanda ta sani kamar garwashin da aka hura yake, wannan kuwa toka ta fara hawansa. Ta saka kwalbar a na'urar auna haske, na'ura ta ce saba'in da ɗaya. Shekara goma sha shida kwalbar nan ba ta taɓa sauka ƙasa da casa'in da bakwai ba, sai bana: tamanin da takwas, saba'in da tara, yau kuma ga shi. A wuyan kwalbar akwai ɗan guntun murfin gwangwani rataye da waya, an karce shi da ƙusa an rubuta kalma ɗaya, Lafiyayye. Jinin da ke ciki na mijinta ne.

Aikin ba shi da wuyar ganewa, masu shi ne kawai suke son a ɗauka yana da wuya. Ana narka zinari ya zama ruwa rawaya, a haɗa shi da wani furotin da ake samu daga jinin shanu, a ɗiga masa soda, a rufe, a ajiye shi a ɗumin da ya yi daidai da na jikin mutum daga safiyar yau zuwa ta gobe. In an dace sai ya koma kalar shayin da ba a sa wa madara ba. A ciki zinarin ya dunƙule ƙanana-ƙanana, kowane dunƙule ƙwayar zarra ashirin da 'yan kai, ƙanƙantar da ta sa ya manta shi zinari ne. Ba ya ƙyalli, ba ya walƙiya, amma da an haska masa fitilar nan mai shuɗi-shuɗi a cikin duhu sai ya kama ci da jan haske. A jikin dunƙulen ake maƙala abin da yake cafke wani furotin da hanta take saki cikin jini idan tsiro ya fara fitowa a cikinta, tun mutum yana yawonsa bai san komai ba. In jinin da aka ɗiga babu wannan abu, haske yana nan. In akwai, haske ya dushe, iya yawansa iya dushewar. Shi ke nan fa duk abin da ake sa farar riga a kansa.

Sai dai haɗin shu'umi ne. Yana iya ci shi kaɗai ka rantse ya yi kyau, da jini ya taɓa shi ya mutu, ko da jinin mai lafiya ne. Shi ya sa kowane wata in an yi sabon haɗi sai an fara gwada shi da jinin wanda aka tabbata ƙalau yake, shi ne ma'auni. In ya ci, a shiga jinin majiyyatan da asibiti ta aiko. In bai ci ba a zubar, ba a ɓata jinin kowa a kansa. A bangon ɗakin duhun kuwa akwai allon da marigayi Farfesa ya rubuta da fenti: "In ma'auni ya dushe, duba gilashi, duba ruwa, duba hannu." Abu uku ya rubuta, Allah Ya jiƙansa. Na huɗu bai taɓa zo masa a rai ba, kuma su da suka tashi a ƙarƙashin allon nan ba su taɓa ƙirgawa ta wuce uku ba.

Ita Zinariya ta ƙirga. Tun watan jiya ta ƙirga, ta kai huɗu, ta yi maza ta dawo uku. In ba gilashi ba ne, ba ruwa ba ne, ba hannunta ba ne, to haɗin gaskiya yake faɗa, kuma akwai abu a hantar uban 'ya'yanta. Wannan shi ne abin da take tsoro, kuma ta san tana tsoronsa.

Shekara talatin da huɗu da suka wuce ta shigo ginin nan da sabuwar farar riga wadda ta yi mata yawa. Ta tarar da shi a ɗakin baya gaban wutar gas, yana hura gilashi yana lanƙwasa shi, gefensa baho uku na wanki. Mai Gilashi ake ce masa, don duk abin da ya fashe shi ke gyarawa, duk abin da ya yi datti shi ke wankewa. Mutum ne da bai iya zance ba, sai tsiya. Wata shida yana ce mata tana riƙe sandar motsa sinadari kamar mai kora akuya, sannan wata safiya ta samu sabuwar sanda a bencinta, an ɗan lanƙwasa kanta daidai inda babban yatsanta yake zama. Ta gwada, ta zauna mata cif. Ta leƙa ɗakin baya ta ce, "Wa ya auna maka yatsana?" Ya ce, "Ido." Iyakar neman auren da ta samu ke nan, sauran manya ne suka ƙarasa. Sandar tana nan a aljihun rigarta har yau.

A dogon bencin barandar nan 'ya'yansu huɗu suka yi aikin gida na makaranta, suna jiran a tashi. Farfesa, ɗan gajeren mutum mai alli a gwiwar wando kullum, shi ke duba musu lissafi, ya yi ta faɗa wai malamansu ba su iya koyarwa ba. Lokacin ɗakin ba shi da komai sai tsohon firji mai gurnani da injin juya jini da sai an danne shi da hannu in yana gudu. Amma akwai mutane. Ƙarfe goma kowa zai ajiye abin da yake yi a taru a bakin taga, kofi bakwai, cokali ɗaya.

Zancen zinari daga baya ya zo. Farfesa ne ya dawo daga wani taro da 'yar kwalba a aljihu da zazzaɓin abin a kansa. Ba su da ɗakin duhu, sai aka kwashe tsintsiya da bokiti daga ɗakin ajiya aka rataya labule. Ba su da fitilar aikin, sai ya je ya sayo irin wadda masu kanti suke duba jabun takardar kuɗi da ita. Zinariya ta yi haɗi goma sha ɗaya, duk sha ɗayan suka mutu. Ta yi kuka a banɗaki sau biyu. A na goma sha biyu Mai Gilashi ya tsaya a ƙofa yana goge hannu, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ita ba ce. Sabulu da ruwan famfo suna barin ɗan ƙarfe a jikin gilashi wanda ido ba ya gani. A ba ni kwana ɗaya." Ya jiƙa kwalaben a ruwan asid mai narka zinari, ya ɗauraye da tataccen ruwa sau bakwai, ya kife su ba tare da tsumma ya taɓa su ba.

Kai, ranar nan. Su uku suka cusu a ɗakin tsintsiya, kafaɗa na gugar kafaɗa, Farfesa ya kunna fitila, sai ga ja ya tashi a cikin kwalba. Can Farfesa ya lalubi bokiti ya kife ya zauna a kai, ya cire tabarau yana dariya hawaye na zuba. Sannan ya fita baranda ya kira mai shara, ya kira mai gadi, ya kira wani mutum da ya shigo neman banɗaki, kowa sai da ya leƙa. Da yara suka dawo daga makaranta aka shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Auta, tana 'yar shekara bakwai, ta tambaya ko za a iya yi mata 'yan kunne da shi. A ranar Farfesa ya ce, "Daga yau sunanki Zinariya." Sunan ya bi ta har gida, har surukanta.

Da aka zo neman jinin ma'auni, su ukun suka miƙa hannu. Na Farfesa bai yi ba, taba ta riga ta yi masa aiki. Nata yau sama gobe ƙasa, don ba ta cika karyawa da safe ba. Na Mai Gilashi kuwa casa'in da tara, casa'in da tara, casa'in da tara, sai ka ce da rula aka ja. Farfesa ya yanki murfin gwangwanin madarar shayinsu ya karce shi da ƙusa ya rataya wa kwalbar. To, ai sai aka tayar da fitina. Mutumin nan ya cika baki da abin nan shekara goma sha shida. In mura ta kama shi aka ba shi magani sai ya ce, "Ni? Da ni fa ake auna lafiyar mutane." In surukinsa ya yi ƙorafin ciwon baya sai ya ce ya zo ya tsaya kusa da shi ko zai ɗan shafa. Ya yi ritaya shekara huɗu ke nan, amma Litinin ɗin farkon wata ba ta taɓa wuce shi ba. Tun daga bakin ƙofar gini yake naɗe hannun riga na hagu, kuma ba ya saukewa sai ya koma gida, don kowa ya ga audugar.

Watan farko da aka ga tamanin da takwas, aka duba allo aka ce gilashi ne. Wayyo, daɗin da ya ji. "Ai na faɗa, tun da na tafi ba a wanki a ɗakin nan, ɗauraya ake yi." Ya karɓi tsohuwar rigarsa ya shiga ɗakin baya ya wanke komai da hannunsa, sau bakwai-bakwai. Wata na biyu aka ga saba'in da tara, aka ce ruwa ne. Aka kwance injin tace ruwa, aka sauya masa ciki, aka aiko da tataccen ruwa a jarka daga wata makaranta. Yanzu ga saba'in da ɗaya, kuma abu ɗaya ya rage a allon.

Washegari Dakta ta kira ta ofis. Dakta ita ce ke riƙe da ɗakin yanzu, ɗalibar Farfesa ta ƙarshe, mace mai kirki da digiri uku. Zinariya ce ta koya mata riƙe bututun ɗiga tun tana zubar da rabi a benci.

"Anti, zauna mana," in ji Dakta. Ta yi ta juya biro a hannu. "Wata uku ba mu ba asibiti sakamako ko ɗaya ba. Mun duba gilashi, Baba da kansa ya wanke. Mun duba ruwa."

"Saura hannu," in ji Zinariya.

"Ba haka nake nufi ba, Anti."

"Haka allo yake nufi. Ki faɗa, ba zan ji haushi ba."

Dakta ta sunkuyar da kai. "Ɗigon soda ne nake tunani. In ya wuce da ɗan kaɗan, ko ya gaza. Shekaru ne, kowa zai je."

Zinariya ta miƙa hannunta na dama a kan tebur, yatsu a buɗe. Hannun nan da za ta iya ɗiga ɗigo ɗari iri ɗaya tana hira. Kuma Allah Ya yafe mata, da gangan ta bar shi ya yi rawa. Ba sosai ba, daidai yadda za a gani.

"Kin gani," ta ce. "Ya daɗe yana yi min haka. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Idon Dakta ya ciko. Ta ce babu komai, wata mai zuwa ita za ta yi haɗin da kanta, kuma ta riga ta yi odar ruwan ma'auni irin na kamfani, zai iso nan da mako shida. Ta daɗe tana son yin haka, nauyin Baba ne ya hana ta, kada ya ga kamar an sallame shi. Ko sau ɗaya ba ta ce a gwada jinin wani ba. Ga mutum tara a ɗakin, kowa da jini a jikinsa, aikin minti goma ne. Amma ita ma tun tana ɗaliba take ganin guntun murfin nan, har ta daina ganinsa a matsayin sakamakon gwaji, ya zama mata sunan mutum.

Zinariya ta fito baranda tana jin wani sanyi-sanyi a ranta, sanyin mara gaskiya. Ta sayi mako shida. Ta ba da hannunta, ta ba da sunan da ta yi a aiki shekara talatin da huɗu, ta sayi mako shida na rashin sani. Kuma ita ma'aikaciya ce, ta fi kowa sanin abin da tsiro yake yi da mako shida a cikin hanta. Kafin ta kai ƙarshen baranda sanyin ya koma kunya.

Ta iso gida rana ta yi sanyi. Ta same shi a tsakar gida gaban baho yana wanke kofunan gilashi, aikin da ya ƙwace mata tun ranar da ya yi ritaya. Kowane kofi sai ya ɗaga shi sama ya kalle shi da ido ɗaya. Ta zauna a kujera tana kallonsa, ta bar idonta ya ga abin da ta hana shi gani. Wuyan rigar ya yi masa yawa. Bel ɗinsa yana da sababbin huji biyu da ya yi da ƙusa. Kwanon abincin rana yana gefe a rufe, ta san in ta buɗe za ta samu rabi.

"Nawa aka samu jiya?" ya tambaya bai juyo ba. "Kin shigo kin yi shiru, na san ba a dace ba."

"Saba'in da ɗaya."

"To, me suka ce kuma? Iska ce ta yi datti?"

"Hannuna ne, Baban yara. Mun yi magana da Dakta. Zan ajiye aiki."

Ya ajiye kofin. "Hannun wa?"

"Nawa. Yana rawa."

"Yarinyar nan ce ta faɗa miki haka? Yarinyar da kika koya wa bambancin bututu da cokali?" Ya miƙe yana yarfe ruwa daga hannu. "Gobe zan je in same ta. Hannun da ya zare min ƙaya a ido ban ji ba? Shekaranjiya a gabana kika zura zare a allura ba tabarau, ina kallo. A nemi wani dalili, ba wannan ba."

"Babu wani dalili. Allo abu uku ya ce."

"To allo ya yi ƙarya. Gilashi ni na wanke, ba shi ba ne. Ruwa an sauya, ba shi ba ne. Hannunki kuwa ko a gaban alƙali zan rantse ba shi ba ne."

Yana faɗa yana lanƙwasa yatsu, ɗaya, biyu, uku, bawan Allah, yana rufe ƙofofin da take son a bar mata a buɗe.

"Don Allah ka bari," ta ce. "Na ce hannuna ne. Ka bar shi ya zama hannuna."

Ya tsaya da yatsu uku a lanƙwashe. Sannan ya ja kujera ya zauna a gabanta, a hankali, kamar wanda ya ɗauko kaya mai fashewa.

"Zinariya," ya ce, "shekara talatin da uku muna tare. Laifin da kika yi da gaske ma sai an kwana biyu ana fama kafin ki amsa. Yau kin amsa wanda ba naki ba, kuma ba wanda ya matsa miki." Ya dubi yatsansa na huɗu, wanda bai lanƙwasa ba. "Haɗin jiya, kin zubar?"

Doka ce a zubar, kuma ba ta taɓa karya ta ba sai jiya. Haɗin yana can bayan firji, ta naɗe shi da takarda ta rubuta sunan wani abu daban.

"Ba ki zubar ba," ya ce. Ya gyaɗa kai. "To, madalla. Gobe ki karya kafin mu fita. Za ki sa naki kusa da nawa."

Ya koma kan bahonsa ya ƙarasa kofunan. Ta ga ya ɗauraye na ƙarshe har sau bakwai.

Da safe suka tafi tare, abin da suka rabu da yi shekara huɗu. Hanyar nan ta da ce, sai dai shagon mai gyaran agogo ya zama na sayar da waya, bishiyar da yara suke tsayawa jifa kuma an sare ta. A bakin ƙofar gini ya naɗe hannun riga kamar kullum, mai gadi ya ce, "Baba, yau ba Litinin ba ce fa." Ya ce, "An ga ingancin kaya, an ƙara oda."

Ita ta ɗebi nasa. Nata kuwa sai ta kira Dakta ta ɗiba. Dakta ta zo da murmushi tana tambayar me ake ciki, ta ga kwalba biyu a jere, ta ga haɗin da ya kamata a ce an zubar, sai murmushin ya tsaya. Ta dubi guntun murfin, ta dubi tsohon da ke bakin taga yana motsa shayi. Ta dafe bakinta da hannu. Ta ce a hankali, "Anti, wata uku." Zinariya ta ce, "Ɗaure min hannu, Dakta, jijiyar tana nan."

Injin juya jini ya yi gudunsa, sabo ne, ba ya son a danne shi. Zinariya ta ɗebi ruwan da ya taso a saman kowane jini, ta ɗiga a haɗi ɗaya, daga kwalba ɗaya, da bututu iri ɗaya. Ta ciro tsohuwar sandarta ta motsa. Hannunta ko gezau bai yi ba, kuma Dakta tana tsaye tana gani.

Ɗakin duhun ɗakin tsintsiyar nan ne dai har yanzu, fitilar ce kawai aka sauya. Suka shiga su uku, kafaɗa na gugar kafaɗa. Zinariya ta ja labule. Ta ji numfashinsa a gefen kunnenta, da warin sabulun da yake wanki da shi. Yatsanta yana kan makunni, ta kasa dannawa. Sai ta ji hannunsa ya hau kan nata, ya danna.

Kwalbar hagu ta kama da ja, cikakke, irin na ranar bokiti. Ta dama, mai guntun murfi a wuya, ta yi ɗan ja-ja a ƙasa kamar mai jin kunya. Babu wanda ya nemi na'ura. Mutumin da ya yi shekara goma sha shida yana leƙa kwalaben mutane ta kafaɗar matarsa ba ya bukatar a karanta masa.

Dakta ce ta fara magana. Ta ce gwajin nan nuni ne kawai, ba hukunci ba. Ta ce yanzu za ta kira likitan hanta, yau ɗin nan za a yi hoto, kuma saba'in da ɗaya ba talatin ba ne, an sha kama abin a nan a yi nasara. Duk gaskiya ta faɗa. Ta ɗaga labule ta fita da sauri tana laluben waya.

Suka rage su biyu. Zinariya tana kuka ba sauti. Tana son ta ce masa tun watan jiya ta sani, ta ce ya yafe mata wata ɗayan nan da ta ci masa saboda tsoro. Ta buɗe baki, ya riga ta.

"Dubi naki," ya ce. Ya sunkuya yana kallon kwalbar hagu da ido ɗaya, yadda yake kallon kofi. "Dubi yadda ya ci. Wannan haɗin ko Farfesa sai ya nemi bokiti." Ya miƙe. "Ai na faɗa miki ba hannunki ba ne."

Wallahi da alfahari ya faɗa, kamar wanda ya ci gardama.

Sannan ya kai hannu ya warware wayar daga wuyan kwalbarsa. Ta yi tsatsa, sai da ya sa farce. Ya juya guntun murfin a tafin hannunsa, ya shafa rubutun Farfesa da babban yatsa, ya rataya shi a wuyan kwalbarta, ya murɗa wayar sau biyu.

"Litinin ɗin farkon wata," ya ce. "Kuma aikin nan ba a yinsa da yunwa, sai kin riƙa karyawa. Zan riƙa tuna miki."

Suka fito baranda, hasken rana ya sa su ƙifta ido. Dakta tana can ƙarshe tana magana a waya, tana yi musu alama da hannu su taho, mota na jira. Ya tsaya daidai dogon bencin da yara suke aikin makaranta, ya cire audugar daga gwiwar hannunsa ya jefa a kwando. Ya sauke hannun rigar har ƙasa. Maɓallin ya ƙi shiga, yatsunsa ba su saba da shi a ginin nan ba. Ta kama hannun ta sa masa.